Fim Ɗin Da Bai Kama Ba

Mahaifina mai hoto ne. Yana da ɗan shago a ƙarƙashin wani tsohon bene inda yake ɗaukar fasfo don a ci abinci, amma zuciyarsa ba a can take ba. Da an yi la'asar sai ya rufe, ya rataya kyamara a wuya, ya shiga gari a ƙafa. Ya ɗauki gada, ya ɗauki masu jiran bas, ya ɗauki kwalta bayan ruwa ya ɗauke, duk a baƙi-da-fari. 'Yan layinmu Mai Inuwa suke ce masa, don an sha ganinsa tsaye ƙiƙam a bakin titi yana jiran inuwar falwaya ta iso inda yake so. Idan ka ce masa duniya ta koma kala, sai ya ce kala rigar mutum take nunawa, shi kuwa mutumin yake nema.

Abin dariyar shi ne, mutumin da ya ɗauki rabin garin nan ba shi da hoton matarsa. Inna ba ta yarda. Da ya ɗaga kyamara sai ta kare fuska da faifan murhu ko gefen mayafi, ta ce ita ba gada ba ce, ya je ya ɗauki gadarsa. Shi ma bai matsa ba. Gani yake tana nan, gobe ma rana ce.

Ni ce autarsu, kuma ni kaɗai na gaji wani abu daga sana'ar, ko da yake shi bai taɓa yarda sana'a ɗaya muke yi ba. A wata maɗaba'a nake aiki, ina gyaran hotuna da kwamfuta. Ya kan leƙo ya ga na mayar da hoton kala baƙi-da-fari da taɓawa ɗaya, ya girgiza kai ya ce wannan ai wanke tufa ne har ya koɗe. Mun yi faɗa a kan haka ba sau ɗaya ba, don ni ma bakina ba ya shiru.

Da ciwon Inna ya yi tsanani, akwai wata safiya da ta tashi da ɗan sauƙi. Ta sa aka fitar mata da kujera baranda, inda ake hango titi da rufin motoci. Ta ɗaura ɗankwalinta da kanta, ta dubi Baba ta ce, "Malam, ɗauko abin naka. Yau na yarda."

Na ga dattijon nan yana rawar jiki kamar sabon ɗan koyo. Ya buɗe firji ya ɗauko fim ɗin da ya daɗe yana ɓoyo a bayan robar ruwa, don yanzu samunsa sai an sha wuya. Ya saka, ya rufe, ya hau ɗauka. Yana yi yana tsokanarta, tana dariya tana cewa ya ishe shi haka. Bai tsaya ba sai da lambar da ke saman kyamarar ta kai ƙarshe. Ni ina daga bakin ƙofa, na ɗauke su sau ɗaya da waya, na ma manta na yi.

Bayan rasuwarta kyamarar ta daɗe a rataye a ƙusa, fim ɗin na ciki. Idan na ce ya wanke, sai ya ce ba yanzu ba. Na gane tsoro yake ji, kuma na gane daɗi yake ji, don muddin bai wanke ba akwai sauran ganinta a gaba. Sai da likita ya gaya masa yanar da ke idonsa tana ƙaruwa, sannan ya kira ni wata ranar hutu ya ce in zo in riƙe masa agogo.

Duk wanda ya yi aiki da fim ya san abu ɗaya. Idan ka saka shi, sai ka tabbata harshensa ya kama haƙoran da ke jan shi, kuma alamar ita ce ɗan hannun naɗewa da ke gefe zai riƙa juyawa duk lokacin da ka ja. In bai juya ba, fim yana nan kwance a gwangwaninsa, lamba kuwa tana ta tafiya abinta. Baba ya koya wa mutane da yawa wannan, har da zagi. A ranar barandar, idonsa bai sauka kan hannun nan ko sau ɗaya ba, yana kan Inna.

A ranar hutun da ya kira ni, da ya fara naɗe fim ɗin, juyi kaɗan ya yi sai hannun ya saki. Na ga ya tsaya. Ya shige ɗakin wankin hoto, wato tsohon banɗakin da ya toshe tagarsa da baƙin kwali. Ya haɗa ruwan magani, ya sa na riƙa faɗa masa lokaci, ya yi komai yadda ya saba, alhali ya riga ya sani. Da ya zaro fim ɗin ya fito da shi ya ɗaga a hasken wata taga, tas yake daga farko har ƙarshe, ana hango ginin maƙwabta ta cikinsa. Ya rataye shi a igiya ya maƙala masa maƙali, kamar akwai abin da zai bushe. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba.

Kwanaki bayan haka na tuna da hoton wayata. Na yi ta jinkirin nuna masa, don na san ra'ayinsa. Da na nuna, ya daɗe yana kallo, ya kawo wayar dab da hancinsa. Sannan mutumin da ya yi shekaru yana yi wa aikina dariya ya tambaye ni, a hankali, ko wannan na'urar tawa za ta iya mayar da shi irin nasa.

Muka zauna a maɗaba'a bayan an tashi, kafin magariba. Na cire kala. Ya ce baƙin bai yi zurfi ba, na ƙara. Ya ce hasken goshinta ya ƙone, na rage. Ya ce fatar ta yi sumul kamar roba, in zuba mata yashi, haka yake kiran ɗige-ɗigen nan na fim. Na zuba, ya ce ya yi yawa, kuma nawa duk girmansu ɗaya, na gaskiya ya fi taruwa a inuwa. Na ji haushi ya taso mini, na haɗiye. Muka yi ta yi har hoton ya fara kama da waɗanda ke jikin bangon shagonsa.

Saura abu ɗaya. A gefen hoton akwai shi kansa, ya duƙa, kyamara ta rufe masa fuska. Ya ce in yanke shi, mai hoto ba ya shiga hotonsa. Na yanke. Inna ta cika allon ita kaɗai, tana dariya, fuskarta a karkace, idonta na kallon wani wuri a wajen hoton.

"Auta, ba za ki iya juyo da idonta nan ba?"

Na ce akwai manhajar da ke yi, amma idon da za ta saka ba na Inna ba ne. A nasa hotunan, waɗanda ba su fito ba, shi take kallo kai tsaye, kuma shi kaɗai ya gani.

Ya share fuska da hannun riga, ya ce, "To mayar da ni. In kin cire ni, wa take kallo?"

Na mayar da shi. Hoton yana rataye a ɗakinsa yanzu, kusa da fim ɗin da ya hana a jefar. Idonsa ya kusa rufewa, ba ya ganin yashin da muka sha wahala a kansa. Idan na je gaishe shi ya kan sa in tsaya a gaban hoton, ya tambaye ni ko har yanzu shi take kallo.