Ragon Inna da Tumakin Maƙwabta

Shekarar da na fara koyarwa, mahaifiyata tana da tumaki biyar da rago ɗaya a bayan gidanmu na Limanti. Ragon Balami ne, fari tas, dogo. Tun yana ɗan ƙarami ta saye shi a Kasuwar Shanu, ta rene shi da dusa da harawa har ya cika ido. Matan unguwa kan aiko a ara musu shi kwana biyu ko uku don ya yi wa tumakinsu barbara, Inna kuwa ba ta taɓa hanawa ba.

Shekarar farko tumakinmu sun haihu lafiya. A ta biyu aka ji shiru. Ɗaya ce kawai ta ɗauki ciki. Inna ta ɗora laifin a kan tumakin, ta ce sun yi ƙiba da yawa, ta rage musu dusa, ta ƙara kanwa a ruwansu. Ragon ba ta zarge shi ba ko kaɗan, don yana cin abincinsa, yana bin tumakin kamar kullum.

Muna da wani maƙwabci dattijo, Kirista daga kudancin Borno, wanda ya yi ritaya daga aikin asibitin dabbobi. Wata Asabar da hantsi ya shigo gaishe da Inna, ta ba shi labari. Bai ko kalli tumakin ba. Ya ce in riƙe masa ƙahon ragon, ya durƙusa ya shafa marainansa a hankali. Ragon ya zabura. Dattijon ya ce ɗaya ya kumbura daga ƙasa, ya yi tauri, kuma zai so a duba maniyyinsa.

Ranar Litinin muka sa ragon a keken Napep muka kai shi wajen wani tsohon abokin aikinsa. Bayan sun gama, dattijon ya kira ni in leƙa madubin likita. Na ga wasu 'yan abubuwa masu wutsiya, yawancinsu a kwance, kaɗan ne ke motsi, su ma a kasale. Ya ce a lafiyayyen rago sai in ga wurin yana tafasa kamar ruwa a tukunya. Ya bayyana mini cewa jikin kowane namijin dabba, rago ko bijimi, ba ya rabuwa da ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma da yawansu ba sa cutarwa. Amma akwai ƙwayoyin cuta da kan haura har inda ake tara iri, su kumbura wurin, su raunana irin ko su toshe hanyarsa. Dabbar za ta yi ta harkarta, ba wanda zai gane.

Da muka dawo ya maimaita wa Inna, ya ƙara da cewa a irin wannan allura ba ta cika warkarwa ba, kuma tunkiyar da ragon ya hau tana iya kai cutar ga wani ragon.

Inna ta ce, "Malam, to gidajen da na ara wa fa?"

"Gara su sani, Hajiya," in ji shi.

Washegari bayan La'asar ta yafa mayafinta, ta ce in raka ta. Gida huɗu muka shiga. Maganar ta yi mata nauyi, don ba irin wadda take yi a gaban mutane ba ce, amma ta faɗe ta yadda aka faɗa mata. Wata ta yi dariya ta ce ashe ita ma ta yi ta zagin tunkiyarta a banza. Wata kuma ta ɓata rai, ta daɗe ba ta leƙo gidanmu ba.

Wani dillali ya zo yana neman ragon, wai zai kai wa mai garke a ƙauye. Inna ta gaya masa abin da aka gani. Ya ce wa zai sani, ta ce ita ta sani. Aka dandaƙe ragon, aka ware shi a turkensa, ya ci gaba da ƙiba har lokacin da wani mahauci ya ɗauke shi.

Bayan damina ta sayi wani rago, baƙi da fari, bai kai na farkon kyau ba. Kafin ya shiga gida sai da dattijon ya duba shi a ƙofar zaure, Inna tana tsaye tana kallon hannunsa don ta koya. A wannan shekarar tumaki huɗu suka haihu, ɗaya ma tagwaye. Ta biyar ɗin ba ta sake haihuwa ba, amma Inna ta ƙi rabuwa da ita har ta tsufa.