Kunyar 'yar fari ta ci mana kunne ɗaya

A lokacin ina matashiya, ina soya kifi a bakin tafkin Madarumfa, kuma kowa ya san ni da kunya. 'Yata ta fari ko sunanta ba na kamawa, a ɗakin uwar mijina take kwana, yadda muka gada. Tana shekara huɗu sanƙarau ya kwantar da ita. Allah ya tashe ta, amma ji ya tafi. Ko kwano ya faɗi a bayanta ba ta waiwaye.

Likita a Maraɗi ya ce akwai na'urar ji da ake dasawa ta hanyar aiki, kuma wasu likitoci baƙi suna yi wa yara a Yamai. Ya ja kunnenmu mu yi sauri, domin bayan sanƙarau cikin kunne yakan daskare ya zama ƙashi. Mijina yana cin rani a Najeriya, sai magana ta koma hannun wansa. Shi kuwa ya ce ba za a fasa kan yarinya a sa ƙarfe ba, a bari sai bayan girbi. Ina tsaye na ji, ban ce uffan ba, wai uwa ba ta sa baki a kan 'yar fari. Mata suna ta yaba haƙurina, ni ina kallon kalmomin bakin yarinyar suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da ƙishirwa ta kama ta, ta tsaya gaban randa tana kuka ta kasa cewa ruwa, na goya ta da rana tsaka na nufi tasha. Uwar mijina ta biyo ni tana cewa na zubar da mutuncin gida. Na ce mata ya zube.

A Yamai aka tarar kunnen hagu ya riga ya toshe, na dama kawai aka dasa wa. Ba a kwana ɗaya ta ji ba, mun sha wahalar koyon sauti wata da watanni. Yau tana lakwal, wato makarantar boko, bakinta ya fi nawa kaifi. Wan mijina har yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata, ban kuwa rame ba.

Nadamata ɗaya ce, watannin da na yi shiru. 'Yan'uwana mata, in likita ya ce a gaggauta, ku ajiye kunya a gida, ba a kwantar da ita a asibiti. Masu cewa na yi rashin ta ido, su zo su zauna ta hagun 'yata su yi mata magana, su ga abin da kunyar ta bar mana.