Kyaftin Ɗin Da Bai Tuƙa Jirginsa Ba

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Baba Kyaftin. Ina sama a lokacin. Sai da na sauke jirgi, fasinjoji suka gama fita, sannan injiniyanmu ya hawo matakala da hularsa a hannu. Tun bai buɗe baki ba na gane.

Jama'a sun san ka a matsayin wanda ya kafa kamfanin jirgin da malamin makaranta da tela ke iya hawa. Mu da muka fara da kai mun san ɗakin nan guda na saman shagon tayoyi, da fankar da sai an zungure ta da tsintsiya take juyawa, da taswirar da ka manna a bango ka zagaye garuruwa huɗu da jan biro. Manyan kamfanoni ko kallon garuruwan nan ba sa yi. Ka ce tafiyar da ke cinye wa mutum yini guda a mota za mu mayar da ita minti hamsin. Jirage biyu ka samo, masu farfela, tsofaffi na hannu, kana zagaye su kana shafawa kamar jarirai. Yau biyar ne, garuruwa tara.

Ni ce mataimakiyarka a ɗakin tuƙi, kuma ka ba ni wahala, Allah Ya sani. Ka lura an tarbiyyantar da mu ba ma gyara wa babba magana, ka ce wannan kunyar a ƙasa ado ce, a sama kashe mutane take yi. Don haka da gangan kake yin kuskure a lokacin horo. Ka tsallake layi a takardar binciken jirgi, ko ka murɗa lambar da ba ita ba, ka zuba mini ido ta gefe. In na yi shiru, ranar na shiga uku. In na yi magana, sai ka kwashe da dariya ka ce, “Yawwa 'yata, haka nake son rashin kunya.”

Saura kwana tara mu ɗauki fasinja a karon farko, muka fita gwaji mu biyu. Hasumiyar filin jirgi ta ce mu hau ƙafa dubu takwas, ka saita dubu uku. Na gyara ina murmushi, ina jiran dariyar da na saba. Ba ka yi ba. Bayan mun sauka ka daɗe hannunka a kan gwiwa, sannan ka ce, “Wannan ba gwaji ba ne. Ban ga lambar ba.” Can kuma a hankali ka ƙara da cewa, “Kwana tara ne suka rage.”

Ba ka roƙe ni komai ba, amma na ji abin da ba ka faɗa ba. Shekara bakwai kana yawon ofis-ofis don wannan rana ɗaya. Dokar da ka kafa da bakinka kuwa ta ce duk abin da ya faru a ɗakin tuƙi, wanda ya gani shi ke rubuta rahoto. Kwana biyu takardar rahoton tana cikin jakata. Rana ta uku na rubuta na miƙa. Likitan matuƙa ya duba idonka, ya ce tuƙi ya ƙare.

Ranar buɗewa wani kyaftin ne ya zauna a kujerarka. Kai kana gindin matakala cikin kayan gida, kana karɓar tikiti, har ka hawo ka ɗaura wa wata tsohuwa bel, kana ce mata in ta ji ƙara kada ta damu, tayoyi ne ke shiga ɗakinsu. Ta taga na hango ka kana ɗaga mana hannu, na yi kuka.

Shekara shida ke nan. Ba ka taɓa sauya mini fuska ba, amma ba ka sake kirana 'yarka ba, sai Kyaftin. Na kasa tambayarka ko ka riƙe ni a rai. Tsoro ne ya hana ni, kullum ina cewa sai gobe.

Da na je gaisuwa na durƙusa gaban Hajiya, matarka, na kasa haɗa ido da ita. Ta kamo hannuna ta ce, “Ke ce ba ki sani ba, 'yar nan. Duk tafiyar da ni ko jikokinsa za mu yi, sai ya bugo ofis ya tambayi ranar da kike aiki. In ba ke ce a gaba ba, sai ya ce mu jira.”

Allah Ya jiƙan ka, Baba. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya, da 'ya'ya da jikoki, da abokan aikina na sama da na ƙasa, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.