Gungumen Kirya a Ƙarƙashin Daɓe

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Tsorona shi ne kada in faɗi wani abu ba yadda ya faru ba, ga shi waɗanda za su gyara mini duk sun riga mu gidan gaskiya. Karatuna na boko kuma bai wuce elementare ba. Amma akwai tambayar da nake so in yi, ba ta kuwa yiwuwa sai na ba da labarin tukuna.

Mu maƙera ne, asalinmu Bungudu. Da mahaifinmu ya rasu, yayana ya ci gaba da zama a maƙerarsa, ni kuma aka ba ni uwar maƙera guda, wato ƙarfen nan mai nauyi da ake ɗora aiki a kai a daka, da masaba biyu da awartaki. A lokacin aikin dogon jirgin ƙasa ya iso wajen Gusau, ni kuma ina saurayi. Kawuna, wan mahaifiyata, manomi ne a Tsafe. Shi ya ce mu dawo wurinsa ni da Inna, ya yanka mana fili a bayan gidansa. Bai tsaya nan ba. Ya bi manoman unguwarsu da na 'Yandoto yana cewa kada kowa ya kai aikinsa nesa bana, ɗan ƙanwarsa zai ƙera musu fartanya da galma kafin ruwa ya sauka. Mun iso da tsakiyar rani, maganarsa ta riga ta zama alkawari a wuyana.

Kafa rumfar ƙira bai ba ni wahala ba. Abin da ya tsaya mini shi ne mazaunin uwar maƙera. A Gusau na taɓa ganin ma'aikatan dogo suna aikin ƙarfe a tsaye, a kan wani tebur mai kaurin ƙafafu, abin ya burge ni. Na zana irinsa a ƙasa da tsinke, na sassaƙa ƙafafu huɗu, na ɗora katako. Dukan farko da na yi, teburin ya yi tsalle, uwar maƙera ta faɗo dab da yatsun ƙafata. Kawu yana zaune bakin zuga-zugi, dariya har da riƙe ciki.

"Wannan na cin tuwo ne," in ji shi. "Ka kai ma uwarka ta riƙa aza ƙwarya."

Inna kuwa ta karɓa, ta yi shekaru tana ɗora ƙorai a kai.

Sai na koma ga yadda na ga ubana yana yi. Maƙeri a zaune yake aiki, uwar maƙerarsa kuma a kafe take cikin gungumen itace da aka binne a ƙasa, kansa kawai ke leƙowa. Muka shiga daji ta hanyar 'Yandoto ni da Kawu, muka sami busasshiyar kirya, itacen da gatari ke ƙara a kansa kamar ya bugi dutse. Muka yanko guntu mai tsawon da ya kai mini cinya, jakai suka jawo shi gida. Na haƙa rami, na shimfiɗa duwatsu a gindinsa, na zuba toka saboda gara. Na ƙona rami a kan gungumen da ƙarfen da ya yi ja a wuta, na kafa tsinin uwar maƙera a ciki, na mayar da ƙasa na tattake. Kawu ya ce in riƙa yayyafa ruwa, in ƙyale shi ya zauna. Aikin ya yi kyau, ko yau ban ga abin da zan gyara a cikinsa ba.

Bayan 'yan kwanaki na ga gara ta yi hanya a jikin dangar gidan, nesa kaɗan da rumfar. Kowa ya san gara ba ta cika damun kirya ba, ni ma na sani. Amma tun ina yaro haka nake, in na rufe ƙofa sai na dawo na taɓa ta. Na ce a raina, idan wannan kiryar tana da ɓoyayyen rauni fa? Idan gara tana ci daga ƙasa, sai aiki ya yi nisa gungumen ya burma? Na ɗauko dagi na tone gefe ɗaya. Ban ga komai ba. Na mayar da ƙasa.

Da na fara ƙira, sai na ji uwar maƙera tana ɗan motsi in na daka. Motsin ba shi da yawa, amma hannu yana ji, rabin ƙarfin dukan a ƙasa yake tafiya. Fartanyar farko ta fito bakinta gefe ɗaya ya fi kauri. Mai ita, wani dattijo daga 'Yandoto, ya juya ta a hannu, ya dubi Kawu, ya ce, "Malam, wannan in na kai ta gona, kunya karkace za ta tahi." Ya ajiye ta a hankali, ya ce zai dawo. Kawu bai yi dariya ba ranar.

Ni kuwa da na ji motsin, sai na ce ai ga shaida, gara ce ta ci gindin. Na sake tonewa, har sai da na ga duwatsun da na shimfiɗa. Itacen lafiya lau. Na mayar, motsin ya ƙaru, na sake tonawa. Ban riƙe sau nawa ba, ba zan kuma faɗi adadin da ban tabbatar ba. Ana nan gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma, manoma suka fara share gonaki, wasu na ji an ce sun fara maganar kai aikinsu kasuwar Gusau.

Wata rana Inna ta same ni durƙushe, hannuna cikin rami har kafaɗa.

"Mi kaka biɗa nan ciki?"

"Gara, Inna."

"Ka gan ta?"

"Ban gan ta ba tukuna."

"To Allah shi ba ka sa'a," ta ce, ta wuce da tulunta.

Washegari ta ce ƙarfen da nake da shi ba zai isa aikin da Kawu ya ɗauko ba, in je Gusau in ƙaro. Gaskiya ta faɗa, don haka na mayar da ƙasa, na ɗaura wa jaki mangala na tafi. Na yi 'yan kwanaki a can kafin in haɗa abin da nake so.

Da na dawo, tun daga bakin danga na ji warin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da mata ke shafa wa daɓe ya yi ƙarfi. Ashe ina fita Inna ta gayyato matan unguwa. Sun sake dake ƙasar ramin da taɓarya, sun zuba tsakuwa, sun daɓe rumfar gaba ɗaya tun daga bakin gungumen har gindin dirkoki. Daɓen ya yi ja wur, sumul, ba inda tsinke zai shiga. Inna tana zaune gefe tana shafa wa tafin hannunta man kaɗe, duk ya yi kanta saboda dukan daɓe.

"Matan unguwar nan kaf sunka yi shi," ta ce. "Har da tsohuwar bakin rijiya, wadda bayanta bai miƙewa. In kana son tonawa, ga dagi can. Amma ka fara bi gida-gida ka gaya masu."

"Inna, idan gara ta shiga fa?"

"In ta cinye, mu ji ka faɗa rami, mu zo mu hidda ka."

Kawu ya ce daga bayana, "Ni ba ni zuwa. Na gaji da kai."

Aka hana ni taka wurin sai ya gama bushewa. Na yi kwanakin ina ƙona gawayi da ragowar kiryar, ina zagaya rumfar ina leƙe kamar baƙo. Ranar da na zauna, Kawu ya zuga, ƙarfe ya yi ja, na ɗora na daka. Ƙarar ta fito a dunƙule, masaba ta dawo mini hannu da kanta. Na sake gyara fartanyar dattijon nan, ya zo ya duba bakinta da babban yatsa, ya rataya a kafaɗa, ya aiko ƙanensa da galma. Ban gama duk aikin ba ruwa ya sauka. Mutum biyu ko uku sun kai nasu wani wuri, sauran sun jira ni, Kawu kuma ya ci gaba da zama a majalisarsu ba wanda ya juya masa fuska.

Na yi shekaru masu yawa ina ƙira a kan gungumen nan, bai taɓa motsi ba. Ban taɓa tonawa ba kuma, ko bayan rasuwar Inna, don duk lokacin da na kalli dagi sai in tuna hannunta. Da ƙarfina ya ragu na koma Gusau wurin 'ya'yana, na cire uwar maƙera, na bar itacen a inda yake. An gaya mini an sayar da filin, an yi gini a wurin.

To, ga tambayar. Gidan yana yamma da tsohuwar rijiyar unguwar, akwai tsamiya biyu a ƙofarsa a wancan lokaci. Idan cikin masu karanta wannan akwai mutumin Tsafe da ya san maginan da suka haƙa harsashin wurin, ko ya ji an ce an tono wani gungume mai ƙonannen rami a kansa, ina roƙo ya aiko mini da bayani ta hannun masu buga littafin nan. A faɗa mini yadda aka sami gindinsa, gara ta taɓa shi ko ba ta taɓa ba.