Hoton Asisi a Rijiyar Issawane

Tasawa

Na bar Tasawa ranar Litinin, ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba. Shekarar fari ce, zamanin soja. Yayana Idi ya baro gonarmu ta Issawane, yana kwance gidana, yana shirin sayar da ita. Ya ce ƙasar ta mutu, sai fa in asisi, ɗan tsuntsun nan mai shuɗin ƙirji, yana zuwa rijiya har yanzu. Bai yarda da labarin baki ba. Don haka na aro na'urar Mamman mai hoto, mai ɗaukar hoto goma sha biyu.

A shingen bakin gari jandarma ya jujjuya ta.

"Malam, me za ka ɗauka?"

"Tsuntsu, ranka shi daɗe."

"Mutane na neman hatsi, kai kana neman tsuntsu? Wuce."

Mayahi

Motar da na shiga ta kafe cikin rairayi sau biyu, muka iso da azahar. Na sha fura, ruwa ya fi gero yawa. Na kwana gidan wani abokin karatun allo.

Issawane

Da hantsi amalanke ya sauke ni bakin rijiya. Ga asisin kuwa, guda huɗu, suna shan ruwan da ya zuba gindin kwamin shayar da dabbobi! Ni ban saba fara komai ba bisimilla ba. Na saita, na ce "Bismillahi" da ƙarfi, na danna. Suka tashi. Na rubuta lambar hoton da ajami, na jira suka dawo. Haka har sau goma sha ɗaya.

Wata tsohuwa mai ɗiban ruwa ta aje tulunta.

"Malam, Allah na jin ta zuci. Su ma tsuntsayen suna jin ta baki."

Ta ƙarshe na yi ta a zuci.

Komawa

Ranar Juma'a Mamman ya baje hotunan, yana dariya har da hawaye.

"Wannan kwami ne. Wannan ma kwami. Nan ga babban yatsanka. Wannan fa, fiffike ne ko hayaƙi?"

Da ya zo kan na sha biyu ya ce na ba rana fuska, na yanke wutsiya, tsuntsun bai fi ƙwayar wake ba.

Na kai wa Yaya haka nan. Ya kawo shi dab da ido, ya daɗe.

"Rijiyarmu ce. Shi ne kuwa." Ya juya ga matarsa. "Hajo, irin geron nan, kada a daka shi."

Godiya ga Allah da ya maido ni lafiya, da tsohuwar da ban ko tambayi sunanta ba.