Liman, Haƙorin Kawu Shaame

Kawuna Shaame, yayan mahaifiyata, shekararsa saba'in da huɗu, haƙorinsa ɗaya. Sauran sun tafi ɗai-ɗai, wani a kan rake, wani a kan igiyar kwalekwale da ya rantse sai ya kwance da baki. Wanda ya rage yana gaba, dogo, ya ɗan karkace. Mutanen ƙauyenmu na Tumbe suka sa masa suna Liman, wai shi kaɗai ya tsaya a gaba, mamu duk sun watse. Kawu bai ji haushi ba, har asuwaki na musamman ya yanka masa.

Shekara arba'in ya yi yana fita teku kamun dagaa, ƙananan kifin nan da ba su kai ɗan yatsa ba, amma bai san darajarsu ba sai da wata nas ta zo ta ce cin su da kai da ƙaya yana ƙarfafa ƙashi da haƙori. Shi ke nan, Kawu ya samu sana'a. Mai ciki, dagaa. Yaron da ya kasa hadda, dagaa. Wanda matarsa ta yi yaji ma, dagaa. Lokacin haƙoransa uku ne. Da biyu suka faɗi, ya ce ai waɗannan sun riga sun lalace kafin zuwan nas.

Babban kifi kuwa raina shi yake yi, wai ka ci rabi ka zubar da rabi, alhali dagaa ko kyanwa ba ta samun rabo. A soya masa da barkono a matsa lemun tsami, ko a yi miyar kwakwa da ɗanyen mangwaro a zuba a kan rogo, to ranar ba mai jin kansa da shi. Sai dai ya ƙara wata doka da nas ba ta faɗa ba, wai ba a wanke dagaa, ruwa yana tafiya da ƙarfin. Kullum a majalisar masu shan gahawa yana bugun ƙirji cewa a gidansa ba a taɓa wankewa ba, ga Liman shaida.

Alhali kowa ya san a kan yashin bakin teku ake shanya dagaa. Matarsa Bi Mboja ba ta taɓa musa masa ba, "to" kawai take cewa. Yana fita majalisa sai ta zagayo bayan gidanmu da faifanta, ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, ta wanke sau uku da ruwan ɗumi, ta baza a rufin kwanonmu ya sha iska, ta koma da shi sumul. Duk matan unguwa sun sani. Ni ma da na yi wayo a bakin faifan nan na koyi tsinta.

Bara 'yarsu ta haihu a garin Wete, Bi Mboja za ta je ta yi mako guda. Da za ta hau mota ta ja ni gefe ta ce, "Ki kula min da Liman."

Na yi iya yina, Allah ya sani. Kwana biyu ina kai masa abinci, a na uku ya ce girkin 'yan zamani ba ya riƙe ciki, shi zai dafa da hannunsa, har ya gayyaci abokansa uku su ga yadda ake yi. Ya je ya kwaso dagaa daga kan yashi a ƙwarya. Na lallaɓa zan sace ƙwaryar in wanke, ya kama ni, ya ce in na kuma zai gaya wa uwata. Ni da 'ya'yana huɗu!

Aka zauna a tabarma, ina leƙe ta katanga. Abokan suna tauna a hankali kamar masu tafiya a kan ƙaya, ba mai son ya fara magana. Kawu kuwa yana ci yana wa'azi. A loma ta uku muka ji ƙaras. Ya kai hannu baki, ya buɗe tafinsa, ga Liman, ga 'yar tsakuwa kusa da shi.

Mzee Kombo, babban amininsa, ya yi salati, sannan ya ce to jama'a, salla ta ƙare. Suka kwashe da dariya. Ni haushi da tausayi suka haɗe min, na shigo na zazzage masa komai, faifai da ruwan ɗumi da rufin kwano, aikin shekara ashirin. Ya ƙulle haƙorin a bakin zanensa, ya shige ɗaki.

Ranar da Bi Mboja ta dawo, tun daga ƙofa ta ga bakin. Ta kalle ni, na sunkuyar da kai.

"Mboja, wai shekara ashirin?" in ji Kawu, maganar duk iska.

"Da biyu."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Da na faɗa maka, da tuni Liman ya bi mamu."

Yanzu daka masa dagaa take yi ta zuba a kunu, kamar na jikokinsa. Ya rage zuwa majalisa. Da hantsi za ka gan shi a bayan gidanmu kusa da ita, da nasa faifan a cinya. Idonsa ba ya gani sosai, sai ya yar da kifin ya bar tsakuwar. In ya miƙa mata ya ce ya gama, ta karɓa ta ce "to", ta faki idonsa ta sake tsincewa.