Jakar Inna Mai Hannu Biyu

Inna, mahaifiyata, ta daina karɓar leda tun ranar da akuyarta ta haɗiye ɗaya ta mutu. Ta yanka tsohon zanenta ta ɗinka jaka mai hannu biyu. Duk Talata mukan taka zuwa kasuwar Diffa, mu cika ta da tattasai da bandar kifi, mu juyo gida kowa riƙe da hannu ɗaya.

Da na fi ta tsawo, sai jakar ta riƙa karkata wajenta. Na ce, "Inna, sakar mini, zan iya ni kaɗai."

Ta ce, "Na sani, 'yata. Amma in na saki za ki yi sauri, da wa zan yi hira?"